Shin Littafi Mai Tsarki ya ari labaransa daga tsoffin addinai?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni Kirista ne, ɗalibi a jami'a. Wani abokin karatuna ya turo mini bidiyo da ke cewa labarin Nuhu daga Babila aka ɗebo shi, na Musa ma haka, kuma wai Yesu ba kowa ba ne illa Horus na Masar da Mitra da aka sauya wa suna: budurwa ta haife su ran 25 ga Disamba, suna da almajirai 12, an gicciye su sun tashi. Abin ya tsaya mini a rai. Don Allah mece ce gaskiyar maganar?

Amsa: Ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari, kuma ka yi daidai da ka tambaya maimakon ka binne abin a zuciya. Bidiyon ya cakuɗa magana biyu da ba nauyinsu ɗaya ba. Abin da ya faɗa game da Tsohon Alkawari yana da tushe mai ƙarfi, har ya fi yadda wasu masu wa'azi ke so a sani. Abin da ya faɗa game da Horus da Mitra kuwa ba shi da tushe a rubuce-rubucen mutanen da suka bauta wa waɗannan alloli. Bari in fara da inda hujja take.

A shekarar 1872 wani ma'aikacin gidan adana kayan tarihi na Birtaniya da ke Landan, George Smith, yana tantance gutsattsarin allunan yumɓu da aka tono a Nineba, daura da birnin Mosul na Iraƙin yau, sai ya ci karo da layukan da ke maganar jirgi da ya tsaya a kan dutse, aka saki kurciya ta komo. Allon daga ɗakin karatun Ashurbanifal sarkin Assuriya yake, shi ne na 11 a waƙar Gilgamesh, tsohuwar waƙar Babila a kan wani sarki mai wannan suna. A cikinsa wani dattijo mai suna Utnafishtim yana ba da labari: alloli sun yanke shawarar hallaka mutane da ruwa, ɗaya daga cikinsu, Ea, ya tsegunta masa, ya ce ya gina jirgi ya shafe shi da kwalta, ya shigar da iyalinsa da dabbobi. Ruwa ya shafe duniya. Jirgi ya tsaya a kan Dutsen Nimush. Ya saki kurciya ta komo, ya saki tsattsewa ta komo, ya saki hankaka bai komo ba. Ya fito ya miƙa hadaya, alloli suka ji ƙanshi. Ka buɗe Farawa sura 6 zuwa 8 ka jera su: gargaɗi, jirgi, kwalta, dabbobi, dutse, hankaka da kurciya, hadaya, ƙanshin da Ubangiji ya ji. Al'ummai da yawa a duniya suna da labarin ambaliya, don mutane a bakin ruwa suke zama. Amma sakin tsuntsaye ɗaya bayan ɗaya da ƙanshin hadaya, a wannan jerin, ba abin da za a ce arashi ba ne.

Wanne ya riga wanne? Labarin Babila ya riga a rubuce. Akwai wata waƙar da ta girmi wancan allon, ta Atrahasis, wadda muke da kwafinta daga ƙarni na 17 kafin haihuwar Almasihu. Ko mutum ya riƙe cewa Musa ne ya rubuta Farawa da hannunsa, wannan kwafin ya girmi Musa. Hanyar da labarin zai bi ya iso ƙasar Kan'ana ma ba ɓoyayya ba ce. An tsinci guntun allon Gilgamesh a Magiddo, cikin ƙasar Isra'ila kanta, an kuma sami guntun labarin ambaliyar a Ugarit da ke gaɓar tekun Siriya. Farawa ta ce Ibrahim daga Ur ya fito, wato kudancin Iraƙi. Daga baya kuma, a 597 da 586 kafin haihuwar Almasihu, an kwashi manyan Yahuda da malamansu zuwa bauta a Babila, suka zauna can shekaru da dama. Ko ta wace ƙofa aka bi, Isra'ilawa sun san wannan labari.

To amma wanda ya tsaya a kamanni bai gama karatu ba. A Atrahasis, dalilin ambaliyar shi ne mutane sun yi yawa, hayaniyarsu ta hana allah Enlil barci. Da ruwan ya ɓalle, Gilgamesh ta ce allolin da kansu suka firgita, suka gudu sama suka takure kamar karnuka. Da aka miƙa hadaya suka yi dafifi a kanta kamar ƙudaje, domin tun da mutane suka ƙare babu mai ciyar da su. Enlil ya husata da ya ga wani ya tsira. A ƙarshen Atrahasis sai aka tsara hanyoyin rage haihuwa: matan da ba za su haihu ba, da aljanar da ke fizge jarirai, da matan haikali da aka haramta wa haihuwa. Yanzu dubi Farawa. Allah ɗaya ne, shi ya yi hukunci, shi ya yi ceto, ba ya tsoron ruwan da ya saki, ba ya jin yunwa. Dalilin ambaliyar zalunci ne da ya cika duniya. Kalma ta farko da aka faɗa wa Nuhu bayan albarka ita ce su hayayyafa su cika duniya, sannan aka kafa doka a kan zubar da jinin ɗan'adam. Kusan duk inda labarin Babila ya faɗi wani abu game da alloli da mutum, Farawa ta faɗi kishiyarsa. A ganina marubucin ya san labarin maƙwabtansa sarai, kuma da gangan yake mayar musu da martani, yadda makaɗin fada kan ɗauki karin da jama'a suka saba ji a bakin makaɗin wani sarki, ya zuba nasa baitocin ya nuna cewa ubangidansa ne sarki.

Haka abin yake a Farawa sura 1. A labarin halitta na Babila, allahnsu Marduk ya yi yaƙi da Tiyamat, uwar ruwan teku, ya tsaga gawarta biyu ya yi sama da ƙasa, aka halicci mutum da jinin wani allah da aka yanka domin ya ɗauke wa alloli wahalar aiki. A Farawa ma ana raba ruwan sama da na ƙasa, amma babu yaƙi, magana kawai. Rana da wata, waɗanda duk yankin ke yi wa sujada, sun zama fitilu biyu da aka rataye don ƙidayar kwanaki. Mutum kuwa an yi shi cikin siffar Allah, an danƙa masa duniya.

Masu bi da yawa suna cewa ambaliyar ta faru, Babilawa sun riƙe labarinta a gurɓace, Farawa ta riƙe shi daidai. Masana tarihi da yawa suna cewa labari ne na ƙasar koguna biyu, Dajla da Furatu, inda ambaliya ke cin birane, marubutan Isra'ila suka karɓa suka sāke masa ma'ana. Allunan yumɓu ba za su raba wannan gardama ba, domin abin da suke iya nunawa shi ne wane rubutu ya girmi wane. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a ce babu alaƙa ko kaɗan, ko a ce kwafa ce tsagwaronta. Wannan na biyun ma ba sabon zance ba ne. Wani masani Bajamushe, Friedrich Delitzsch, ya yi lacca a Barlin a 1902 a gaban Sarkin Jamus Wilhelm na Biyu yana cewa Babila ce uwar Tsohon Alkawari, aka yi ta cece-kuce. Bincike na shekara ɗari da ya biyo baya ya tabbatar da alaƙar, ya kuma nuna Delitzsch ya wuce gona da iri.

Idan abokin naka Musulmi ne, akwai abin da ya kamata ya lura da shi, kuma da girmamawa nake faɗa. Alƙur'ani ma yana ɗauke da labarin Annabi Nuhu da jirginsa da ya tsaya a kan Judi, da labarin mahaifiyar Annabi Musa da ta sa shi a akwati ta jefa a kogi. Duk wanda ya ce labarin Nuhu ƙarya ne saboda Gilgamesh ya riga shi a rubuce, hujjarsa ba a kan Farawa kaɗai za ta tsaya ba. Mushirikan Makka sun yi wa Alƙur'ani irin wannan zargin, suka ce tatsuniyoyin mutanen farko ne, kamar yadda ya zo a Suratul Furƙan. Bidiyoyi irin wannan asalinsu daga masu musun dukan addinan annabawa ne, ba daga masu fifita wani a kan wani ba.

Shi labarin Musa cikin kwando, abokin kamanninsa shi ne na Sargon sarkin Akad, wanda ya yi mulki wajen 2300 kafin haihuwar Almasihu. Rubutun ya ce uwarsa ta haife shi a ɓoye, ta sa shi a kwandon iwa ta liƙe da kwalta ta saki a kogi, wani mai ɗiban ruwa ya tsince shi. Kamannin a fili yake. Sai dai kwafin da muke da su ba na zamanin Sargon ba ne, na ƙarni na 7 kafin haihuwar Almasihu ne zuwa gaba, kuma labarin jaririn da aka yasar ya tashi ya zama babba ya bazu a duniyar da, an ba da shi a kan Sairus na Farisa da kuma Romulus na Roma. Hujjar aro a nan ba ta kai ta ambaliya ƙarfi ba.

Inda aro ya fi fitowa fili, abin mamaki, bidiyoyin ba su cika ambatonsa ba. Littafin Karin Magana ne, daga 22:17 zuwa tsakiyar sura 23. Akwai littafin nasiha na wani magatakarda Bamasare mai suna Amenemofe, wanda aka rubuta kafin zamanin Sulemanu. An wallafa takardarsa a Landan a 1923, shekara guda bayan haka masani Adolf Erman ya nuna yadda ya yi daidai da wannan sashe. Dukansu sun buɗe da kiran a kasa kunne a sa zuciya. Dukansu sun hana ƙwace wa matalauci, sun hana abota da mai zafin rai, sun hana matsar da dutsen iyakar gona, sun koyar da ladabin cin abinci a gaban mai mulki. Amenemofe ya ce dukiyar haram takan yi fiffike kamar dinya ta tashi sama, Karin Magana 23:5 ta ce dukiya takan yi fiffike kamar gaggafa. Littafin Bamasaren babi 30 ne, kuma fassarori da yawa na yau suna karanta 22:20 da cewa an rubuta maka zantuka talatin. Yawancin masanan Tsohon Alkawari, har da masu bi na ƙwarai, sun yarda marubucin Ibraniyawa ya san wannan littafi. Kuma Littafi Mai Tsarki bai taɓa ɓoye irin wannan ba. Sashen da kansa ya kira abin da ke cikinsa zantukan masu hikima. Littafin Sarakuna na ɗaya ya auna hikimar Sulemanu da ta Masar da ta mutanen gabas, Ayyukan Manzanni 7:22 ta ce an koya wa Musa dukan hikimar Masarawa. Marubucin ya ɗauki nasihar da ya ga gaskiya ce, ya faɗi manufarsa a aya ta 19: domin dogararka ta kasance ga Ubangiji.

Sauran misalan zan bi ta kansu da sauri. A allunan Ugarit, da aka fara tonowa a 1929, allahnsu Ba'al ya kashe wani maciji mai kai bakwai da ake kira Lotan, maciji mai gudu, mai murɗewa. Ishaya 27:1 ta siffanta Lewiyatan da waɗannan siffofi biyu, ta ce Ubangiji ne zai kashe shi. Dokokin Hamurabi sarkin Babila, na wajen 1750 kafin haihuwar Almasihu, waɗanda aka tono dutsensu a Susa ta ƙasar Iran a 1901, suna da ido a madadin ido, da hukuncin sa mai tunkuyi, kamar Fitowa 21. Amma a wurin Hamurabi ido a madadin ido tsakanin masu daraja ɗaya ne, idon talaka azurfa ake biya, wanda ya ɓoye bawan da ya gudu kuma kisa ne hukuncinsa. Maimaitawar Shari'a 23 ta ce kada a mayar da bawan da ya gudo wurin ubangidansa.

Yanzu Yesu. A nan ka sami natsuwa, domin abin da bidiyon ya jera ba ya cikin rubutun Masarawa. Mahaifiyar Horus ita ce Isis, matar Osiris. Ɗan'uwan Osiris, Set, ya kashe Osiris, Isis ta harhaɗa gawarsa, ta ɗauki cikin Horus daga gare shi. A haikalin Seti na Ɗaya da ke Abidos an sassaƙa wannan a bango, Isis cikin siffar shirwa a bisa gawar mijinta. Ba labarin budurwa ba ne. Babu inda aka gicciye Horus, babu almajirai 12, babu baftisma a kogi. Osiris kuwa bai komo duniya ba, sarkin lahira ya zama. Waɗannan zantuka an fi jingina su ga wani marubucin waƙoƙi Bature, Gerald Massey, wanda ya rasu a 1907, da wani Ba'amurke, Kersey Graves, da ya wallafa littafi a 1875 yana cewa an gicciye masu ceto 16. Daga gare su marubuta suka yi ta kwafar juna har abin ya iso intanet. Ka nemi a nuna maka takarda ko bangon haikalin da aka rubuta cewa an gicciye Horus. Rubutun Masar an iya karanta shi tun bayan da masanin Faransa Champollion ya warware shi a 1822, an fassara shi, kowa na iya dubawa.

Mitra na Romawa daga dutse ya fito. An tono ɗaruruwan ɗakunan ibadarsa daga Ingila har Siriya, hotunan suna nuna shi yana ɓullowa daga dutse da wuƙa da tocila ta wuta a hannu, yana yanka bijimi, yana cin abinci da allahn rana. Babu mutuwarsa a ciki, balle tashi. Ga kuma matsalar shekaru: shaidar farko ta wannan addini a daular Roma daga ƙarshen ƙarni na 1 take, alhali Bulus ya rubuta wa Korantiyawa game da mutuwa da tashin Yesu wajen shekara ta 54, yana cewa shi ma karɓa ya yi daga waɗanda suka riga shi. Wanda ya zo daga baya ba ya ba wanda ya riga shi aro. Ranar 25 ga Disamba kuma ba ta cikin Littafi Mai Tsarki ko sau ɗaya. Shaidarta ta farko a kalandar Roma ta ƙarni na 4 take. Ana gardama ko ikilisiya ta zaɓe ta ne don ta yi gogayya da bikin rana, ko ta ƙirga wata tara daga 25 ga Maris, ranar da aka ɗauka Maryamu ta ɗauki cikin Yesu. Ko wanne ne, tarihin biki ne, ba na nassi ba, kuma ikilisiyar Armeniya har yau 6 ga Janairu take yi.

Ba masu bi kaɗai ke faɗin haka ba. Bart Ehrman, masanin Sabon Alkawari da ya bar bangaskiyar Kirista, ya yi littafi a 2012 yana rushe da'awar cewa daga irin waɗannan alloli aka kwafo Yesu. Tryggve Mettinger na Suwidin, wanda ya kare ra'ayin cewa akwai alloli kamar Ba'al da aka ce sun mutu sun dawo tare da juyawar damina da rani, shi ma ya ce babu shaidar cewa daga gare su labarin tashin Yesu ya fito.

Gaskiya ne duniyar Girkawa da Romawa cike take da labaran 'ya'yan alloli. An ce Zeyus, babban allahn Girkawa, shi ne uban jarumi Fersiyus, an kira Sarki Agustus ɗan allah a kan kuɗinsa, wani rubutu na shekara ta 9 kafin haihuwar Almasihu da aka samu a Firiyene ta Turkiyya ya kira ranar haihuwarsa mafarin bishara ga duniya. Kiristocin farko sun san da wannan. Jastin Shahidi, da yake rubuta wa sarkin Roma wajen shekara ta 155, da bakinsa ya ce abin da muke faɗa game da Yesu bai kamata ya zame muku baƙo ba tunda kuna faɗin makamancinsa game da 'ya'yan Zeyus, sannan ya ce aljanu ne suka kwaikwayi annabce-annabce. Ba sai ka karɓi bayaninsa ba, amma ka ga tambayarka ta kusa shekara 1,900. Kuma da Markus ya buɗe littafinsa da bisharar Yesu Almasihu, duk wanda ke zaune a ƙarƙashin Kaisar ya ji abin da ake nufi.

Amma in kana neman rijiyar da marubutan Linjila suka ɗebi ruwa, ba sai ka je Masar ba, sun nuna ta da yatsa. Matiyu ya tsara ƙuruciyar Yesu a kan ta Musa: sarki mai kashe jarirai, gudu, komowa daga Masar, hawa dutse don ba da koyarwa. Waƙar Maryamu a Luka 1 tana bin sawun addu'ar Hannatu a Sama'ila na ɗaya sura 2. Ciyar da taro da gurasa kaɗan har a bar saura yana nan a labarin Elisha, Sarakuna na biyu 4:42 zuwa 44. Labarin gicciye cike yake da Zabura 22. Mai bi zai ce cikar annabci ne, mai shakka zai ce marubuta ne suka ɗinka labarin a kan tsoffin nassosi. Wannan ita ce gardamar da masana ke yi da gaske, kuma a cikin gidan Yahudanci ake yin ta. Almajiran Yahudawa ne, mutanen da kakanninsu suka yi tawaye a zamanin Makabiyawa don kada a tilasta musu hadayar Zeyus. Shi gicciye kuma abin kunya ne da babu mai aro don ƙawata gwarzonsa, Bulus kansa ya kira shi sanadin tuntuɓe ga Yahudawa, wauta ga al'ummai. Tasitus, marubucin tarihin Roma da ba ya ƙaunar Kiristoci, ya rubuta wajen shekara ta 116 cewa Bilatus ne ya zartar wa Almasihu hukuncin kisa a zamanin Tibariyas.

Wuri ɗaya da ƙofa take a buɗe har yanzu shi ne Farisa. Yahudawa sun zauna ƙarƙashin mulkinta sama da shekara 200, daga 539 zuwa 332 kafin haihuwar Almasihu, kuma addinin Zaratustra, wato na Majusawa, yana koyar da yaƙi tsakanin ruhun kirki da na mugunta, da hukuncin ƙarshe, da tashin matattu. A littafin Ayuba, Shaiɗan mai ƙara ne da ke shiga fadar Allah ya nemi izini. A rubuce-rubucen Yahudawa na bayan zamanin Farisa, irin waɗanda aka fara ganowa a kogunan dutse na bakin Tekun Gishiri a 1947, sai ga rundunar haske da rundunar duhu, kowace da shugabanta. Maganar tashin matattu ɗaya ɗaya zuwa rai ko kunya ta fi fitowa sarai a Daniyel 12:2. Masana irin su Mary Boyce sun ce tasirin Farisa ne. Masu ja da su suna nuna cewa littattafan Majusawa da suka yi cikakken bayanin tashin matattu sai a ƙarni na 9 bayan Almasihu aka rubuta su, kuma irin wannan fata ya riga ya tsiro a Ezekiyel 37 da Ishaya 26:19. Sai dai wani Bagirke na ƙarni na 4 kafin Almasihu, Tiyofomfus, ya ruwaito cewa Majusawa suna cewa mutane za su sāke rayuwa, don haka aƙidar tsohuwa ce a wurinsu. Ni na fi karkata ga cewa zama da Farisawa ya ba Yahudawa sababbin hanyoyin tsara maganar mala'iku da aljanu da ƙarshen zamani, amma sun ƙi karɓar jigon abin, wato iko biyu masu gaba da juna tun azal. A Ishaya 45, sura ɗin da ta kira Sairus sarkin Farisa shafaffe na Ubangiji, aya ta 7 ta ce Ubangiji ne ya yi haske, shi ne kuma ya halicci duhu.